Lawan, Kano Ɗin da Ka Kai Mu

Zuwa ga Malam Lawan,

Assalamu alaikum. Bayan sallama irin ta addini, ina miƙo maka gaisuwar da ta kamata, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalin da aka ce ka yi a can. Ni ne Idi tela na bakin kasuwar Birnin Kudu, yayan matarka Asabe. Na faɗi haka ne don ban san iyakar abin da ka manta ba.

Alhaji Mamman mai motar goro ne ya ce ya gan ka a zangon Agege, can Ikko, har ka tambaye shi ko ina nan. Ina nan. Shi zan ba wannan takarda, kuma ban liƙe bakinta ba. Duk wanda ya ga dama ya karanta a hanya, don babu abin da ke cikinta wanda mutanen garin nan ba su riga sun tauna sun tofar ba.

Ina so in tuna maka tafiyar nan tamu ta Kano, tunda kai ka shirya ta.

A shekarar da gyaɗa ta ƙi ne. Ka fi ni saninta, don kai ne malamin awo. Sikelinka ya yi tsatsa a rumfa, ba mai kawo ko buhu ɗaya, alhali rediyo kullum sai labarin man fetur da sababbin gine-gine. Motoci na wucewa ta gabanmu daga Kano zuwa gabas ɗauke da siminti da babura sababbi fil, mu kuwa muna zaune a ƙofar shagona muna ƙirga su da ido.

Mu huɗu ne a lokacin. Ni da kai, da Malam Sabo da ke koyarwa a firamare a Gwaram, da Bala mai gyaran keke. Wata ranar Asabar da la'asar, Sabo ya shigo gari, muna shan rake, ka ce: "Wai mu haka za mu tsufa, Kano na nan kusa da hancinmu ba mu taɓa kwana cikinta don jin daɗi ba?" Muka yi dariya. Kai ba ka yi ba.

Daga ranar ba mu da wata hira sai ta tafiya. Ka ce mu tashi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu dawo Lahadi, don kada Sabo ya rasa aji ranar Litinin. Bala ya aika wa kawunsa a Fagge, aka ce akwai ɗakin baƙi a zaure, mu zo. Sabo ya ce shi gidan namun daji zai gani, don ya gaji da koya wa yara zaki daga hoto. Bala ya ce shi dai a kai shi filin jirgin sama ya ga yadda abin ke ɗagawa. Ni kuwa Kantin Kwari nake so, in taɓa yadi da hannuna, in ga irin ɗinkin da 'yan birni ke yayi.

Da muka tambaye ka naka, ka ce kai ba ka da buri, sai dai ranar Lahadi kafin mu kamo hanya mu biya tasha mu ga tashin jirgin ƙasa. Muka ce wannan ai mai sauƙi ne. Sabo har ya yi maka tsiya, ya ce malamin awo zai je ya auna tarago.

Sau biyu tafiyar na neman rushewa, sau biyu kana ɗaga ta. Da farko hedimasta ya hana Sabo fita ranar Juma'a. Ka hau keken Bala tun da sassafe ka tafi har Gwaram, ka durƙusa gaban mutumin nan kamar mai neman aure, sai da ya yarda. Na biyu, matar Bala ta yi zazzaɓi, ya ce a fasa. Ka ce ba a fasawa, a dai ɗaga zuwa mako mai zuwa. Na ce a raina ban taɓa ganin mai son abokansa kamar Lawan ba.

Ni na ɗinka mana kayan tafiya. Kowa kaftani da wando, yadi iri ɗaya, ruwan toka, don in an gan mu a san tare muke. Kai kaɗai ka dawo daga baya da kaki mai kauri, ka ce in yi maka ƙarin wando biyu da riga, in kuma sa aljihu ta ciki. Na ce kwana biyu za mu yi, ba aikin hajji ba. Ka ce: "Yaya, birni sai da canji, kuma ɓarayin Kano ba su da kunya." Tun da ka auri Asabe kake kirana Yaya don ka ba ni haushi, alhali ka girme ni. Na auna ka muna dariya. Na ninka ɗinkin aljihun sau biyu don ya yi ƙarfi.

Asabe ce kaɗai ba ta so tafiyar ba. Musa na goye a lokacin, bai fara tafiya ba. Ta zo shago ta same ni, ta ce kwanan nan ba ka barci, kana ta juyi, in ta yi magana sai ka ce zafi ne. Na ce mata rashin aiki ne ke cin ka, kuma wannan fita ita ce maganinsa. Na ce: "Ni zan tafi da shi, ni zan dawo miki da shi." Da bakina na faɗa, Lawan. Ba wanda ya tilasta ni.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Kano ta yi daɗi. Tun daga gadar Wudil Bala ya maƙale a tagar motar kiya-kiya bai ƙara zama daidai ba. Mun ci tsire a Fagge har ya ishe mu. Mun hau Dala mun ga gari shimfiɗe kamar tabarma. Sabo ya tsaya gaban zaki ya cire hula, wai girmamawa. Ni na shiga Kwari na rasa hanyar fita, kai ka nemo ni, ka kamo hannuna kamar yaro. Ranar Asabar ɗin nan ka fi kowa dariya. Na daɗe ina juya wannan dariya a raina, har yau ban gane ko ta gaske ce ba.

Ranar Lahadi da hantsi muka je tasha, kowa da ƙunshin tsarabarsa. Jirgin Ikko na tsaye, mutane na ta turereniya, masu kaya a ka, masu kuka, masu sayar da burodi. Ka miƙo mini ƙunshinka ka ce: "Riƙe mini, bari in samo mana ruwa." Jakarka kuwa tana kafaɗarka. Na gani, ban kawo komai a raina ba.

Jirgi ya yi kuka, ya fara ja. Sabo na cewa ina Lawan, abin da ya kawo mu zai wuce bai gani ba. Sai ga ka a taga, a tarago na kusa da ƙarshe, sanye da kakin da na ɗinka. Bala ya fashe da dariya, yana ɗaga maka hannu, yana cewa wannan ɗan banza zai diro ne a gaba. Ka ɗaga wa Bala hannu. Ka dubi Sabo. Ni ba ka dube ni ba.

Mun zauna a tashar nan har azahar ta wuce, wai ko za ka sauka a tasha ta gaba ka dawo. Bala ne ya fara fid da rai. Da muka buɗe ƙunshin, atamfa ce turmi ɗaya, da sabulu, da ɗan takalmin yaro wanda ya yi wa Musa yawa. A nan na gane ba yau ka yanke shawara ba. Ka sayi takalmin da zai sa lokacin da ba ka nan.

Muka shiga mota mu uku, muka dawo Birnin Kudu.

Asabe ta yi tuwon shinkafa, ta share tsakar gida, ta yi wa Musa wanka. Da ta ga ni kaɗai na yi sallama da ƙunshi a hannu, ba ta yi kuka ba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce: "Yaya, ai kai ka ɗinka masa kayan." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta ɗauki yaronta ta shiga ɗaki.

Ka san abin da ka bar mini? Gari duka ya yarda cewa haɗa baki muka yi da kai. Wa zai yarda mutum ya auna amininsa, ya yi masa aljihun ɓoye kuɗi, ya raka shi har bakin jirgi, sannan ya ce bai sani ba? Ni ma da wani aka yi wa, ba zan yarda ba. Babanmu bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da ni ba har ya koma ga Allah. Asabe ta dawo gida, muna kwana gida ɗaya, tana gaishe ni kamar baƙo.

Washegari na tafi Kangire wurin Innarka, don ban so ta ji a bakin 'yan kasuwa. Na same ta tana sussukar gero. Ta ajiye taɓarya ta ce: "Ku huɗu kuka tafi." Na ce haka ne, Inna. Ta ce: "To." Ta ci gaba da aikinta. Daga baya duk ranar da na je, sai ta sa a dama mini fura, ta zauna tana kallona ina sha, ba ta tambayar komai. Ta rasu damina biyu da suka wuce. Ni da Bala muna cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ban sani ba ko labari ya iso ka. In bai iso ba, to ga shi, Allah ya ba ka haƙuri.

Zaman ƙofar shago ya mutu. Sabo ya daina shigowa ranar Asabar, ya ce duk lokacin da ya zauna a bencin nan sai ya ji kamar an mai da shi wawa. Daga baya ya nemi canji zuwa wani gari. Bala na nan, ya koma gyaran babur, yana samu. Muna gaisawa. Amma ko sunan Kano ba ma ambata a tsakaninmu, ni kuwa in yadi ya ƙare sai in ba da saƙo.

Ba tafiyarka ce ta fi ci mini rai ba. Maza da yawa sun tafi a shekarun nan, daga Wurno, daga Gwaram, daga ko'ina, wasu sun dawo da rediyo da agogo, wasu ba su dawo ba. Na san kunyar da ke cin namiji in ya wayi gari ba shi da abin cefane. Da ka ce mini, Idi, na gaji, zan tafi neman abinci, da na yi maka faɗa, da na zage ka, sannan in raka ka tasha da ƙafata, in dawo in riƙe maka gida da hujjar da zan faɗa wa mutane. Amma ka zaɓi ka yi mana biki. Ka sa muka yi makonni muna murna, muna gardamar inda za mu fara zuwa, kai kuwa kana kallonmu ka san mu 'yan rakiya ne.

Mun yi kiwon awaki tare a bayan duwatsun garin nan. Ranar da na faɗa rafi da damina, kai ka jawo ni da rigarka. Ranar da na buɗe shago, kai ka fara kawo ɗinki, rigar da ba ta yage ba ka yaga ta don in sami abin yi. Wannan mutumin nake nema tun ranar Lahadin nan. Har yanzu in na yanka wani yadi mai kyau, sai in ji ina cewa wannan zai yi wa Lawan. Ina jin haushin kaina, amma haka abin yake.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin takardar.

Asabe ta jira ka fiye da yadda shari'a ta ce. Ba saƙo, ba sallama, ba saki. Daga ƙarshe ni na kai ta gaban alƙali, ni na tsaya shaida, aka raba auren. Ranar ce ta fara kirana Yaya da muryarta ta da. Yanzu tana Basirka, tana auren wani manomi, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa zuwa ko Wudil ba, kuma ba ya marmari. Ta yi ƙiba. Tana dariya. Musa ya shiga makaranta, yana bin mutumin gona ranar da ba karatu, yana kiransa Baba. Ba wanda ya koya masa, shi ya fara da kansa.

Alhaji Mamman ya ce ka yi maganar zuwa gida da sallah. Ƙasar ubanka ce, ba mai hana ka. In ka zo, ka sauka a wurina. Akwai ɗaki, akwai tuwo, zan kai ka kabarin Inna, zan zauna in ji duk abin da ka zo da shi, ko da ƙarya ce. Amma kada ka bi hanyar Basirka. Yaron zai san sunanka in ya yi hankali, ni zan gaya masa, ba zan rage ba, ba zan ƙara ba. Kafin nan ka bar su. Wannan kaɗai nake roƙo, kuma ina ganin na biya kuɗinsa.

Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haskaka makwancinsu. Allah ya raya Musa, ya ba shi zuciyar da ke iya sallama. Kai kuma Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa abin da ka tafi nema ya isa abin da ka bari. Ni ban kai ga yafewa ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya kai ni kafin a kai ni.

Wassalam.

Naka, duk da haka,
Idi Tela
Birnin Kudu