Abin da Ya Amsa Mini a Rafin Gauraka

Daren Laraba, watan Sha'aban.

Yau da almuru na laɓe cikin geza a bakin Rafin Gauraka, na kwaikwayi kukan gauraka don in tsorata 'yan matan Tarai masu ɗibar ruwa. Suka watse, Ladidi har da yar da jarka. Ina cikin dariya sai aka amsa mini. Wallahi daga ƙarƙashin ruwa.

Na tambayi Kaka asalin sunan rafin. Ta ce, "Kai ja'iri, gauraka ba ta taɓa sauka a wurin ba. Aljanar rafin ce ke kuka haka in tana son ɗauke yaro. Wa ya kira ta?"

Na ce oho.

Na tofa Ayatul Kursiyyu, barci ya ƙi zuwa. Gobe ni Baba ya ce in kai shanu su sha.