Kifin Baƙon Sakkwato

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya yalwata miki makwanci. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ne don tun da kika rasu ban sami wanda zan zauna a gabansa in yi fushi ya bar ni in kai aya ba. Kowa sai ya ce in yi haƙuri tun ban kai tsakiyar magana ba. Masu leƙen wannan takarda kuwa su leƙa, babu kalma ɗaya a cikinta da nake jin kunya.

Inna, an zalunci wani yaro a makarantar da nake koyarwa, kuma raina ya ƙi kwanciya.

Kin tuna lokacin da na gama kwalejin horon malamai aka turo ni wata firamare a bakin fadama, gaba da Gulma kaɗan. Kin yi murna, kin ce na koma ƙasar kakannina. Ke 'yar masunta ce ta Argungu, aure ya kai ki gidan malamai a Birnin Kebbi, kuma ba a taɓa bari kin manta ba. In na yi abin kirki gwaggonnina su ce jikan Malam ne. In na yi ɓarna su ce jikan homa ne, wato ragar kamun kifin da mahaifinki ya ci abinci da ita. Ke dai murmushi kike yi ki ce, "Bar su, ran da anka kawo kihi su ka fara miƙa hannu."

Na ɗauka wannan hali na tsofaffin cikin gida ne. Ashe yana nan da ransa a makarantar gwamnati, har da alli a hannunsa.

Ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma kowane yaro ya san wurinsa. 'Ya'yan ma'aikata da na masu sarauta da na 'yan kasuwa suna gaba a kan benci. 'Ya'yan masunta suna can baya wajen taga, wai don iska ta riƙa kwashe ƙarni. Aikin makaranta ma da asali ake raba shi. Ɗan Bafillace shi ke kiwon awakin hedimasta. In an yanka rago, ɗan mahauci za a ciro daga aji ya yi fiɗa. In kuwa za a yi babban baƙo, sai a tura 'ya'yan masunta gulbi su kamo masa tsaraba, don a ƙasar nan baƙo ba ya komawa hannu rabbana. Hedimasta yana kiran wannan karamci. Da na cakuɗa yaran ajina, na zaunar da ɗan masunci kusa da ɗan alƙali, cewa ya yi sabon malami ne da rawar kai, zan gaji in bari.

A cikin yaran tagar nan akwai Arzika. Siriri ne, igiyar raga duk ta tsattsaga masa tafin hannu, amma ban taɓa koyar da kai irin nasa ba. Ko gwangwanin madara ya tsinta sai ya karanta abin da ke jiki. Shi ne ya taɓa tambayata me ya sa gulbi ke cika alhali ba a yi ruwa a garinmu ba, ya kuma ƙi barina sai da na zana masa inda ruwan ke fitowa. Da kin gan shi, Inna, da kin ɓoye masa ƙanzo kamar yadda kike ɓoye mini.

Tun yana aji huɗu mahaifinsa ya so cire shi. Na yi ta sintiri zuwa bakin ruwa ina roƙonsa, yana gyaran raga ina zuba, har na zama abin dariyar masunta. Na ce masa yaron nan zai je sakandare. Na ce masa makaranta ba ta tambayar ɗan wane ne. Da bakina na faɗa. Ranar da ya yarda, abin da ya ce shi ne, "Malam, hannu guda na rage cikin jirgi na. Na ba ka shi amana."

Bana Arzika ya ci jarrabawar shiga sakandare, ya wuce kowa a makarantar. Saura intabiyu. Ke ba ki san shi ba, bari in gaya miki. Wani jami'i ne ke zuwa daga Sakkwato, ya ga yaro ido da ido, ya yi masa 'yan tambayoyi, sannan a ba shi gurbi. Sau ɗaya yake zuwa. Wanda bai gani ba ya tashi a tutar babu, ko da ya fi kowa ci.

Ranar da zai zo, hedimasta ya aike ni Argungu tun da safe in tarye shi in nuna wa direbansa hanya, don damina ta cinye hanyar da ke gaba. Da hantsi muka iso. Na tarar da yara sun yi layi, riguna a wanke, kai a aske. Na bi layin da ido har ƙarshe, babu Arzika, babu sauran 'ya'yan masunta. Na tambaya, aka ce tun asuba hedimasta ya tura su gulbi, kuma ya ce kada su kawo masa ƙananan kifi, giwan ruwa yake so, baƙon babba ne.

Na ja hedimasta gefe na yi masa magana. Ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi, "Yanzu su ka dawowa. To wa kaka so in tura, ɗan alƙali? Kyan ɗa ya gaji uba nai."

Inna, ke kin fi ni sanin cewa in ruwa ya cika, kifi bazuwa yake yi cikin ciyawa, sai an tuƙa nesa. Na sheƙa bakin gulbi, na yi ta kira har muryata ta dushe, babu jirginsu babu alamarsa. Kuma na san Arzika. An ce masa giwan ruwa, ba zai dawo da abin da bai kai ba. Biyayyar da muka koya masa ita ta riƙe shi a cikin ruwa.

Sai bayan la'asar suka ɓullo. Baƙo ya gama, ya ci ya sha, ya yi salla, an tayar da mota. Ga Arzika tafe da giwan ruwa a kafaɗa, wutsiyarta tana jan ƙasa, shi kuwa sai ɗigar ruwa yake yi yana haki. Da ya sauke, sai na ga ya zura hannu cikin gorarsa ta kamun kifi ya zaro rigar makaranta a ninke, a bushe. Ashe tun asuba ya tafi da ita, don da ya dawo ya saka ya shiga layi. Wannan rigar ce ta karya mini zuciya.

Baƙo ya yi ta tafa hannu yana yaba kifi, ya shafa kan yaron, ya sa direba ya shimfiɗa buhu a bayan mota. Na riƙe ƙofar motar na ce, ranka ya daɗe, wannan shi ne na ɗaya a makarantar nan, a yi masa tambayar ko a tsaye ne. Ya dubi sama ya ce hadari ya haɗu, hanya da nisa, kuma kifi ba ya son jira, kada ya lalace. Ya ce Allah ya kai mu baɗi. Yaron da ya gama aji shida, wace baɗi ke gare shi? Motar ta tashi, Arzika yana tsaye rabin rigarsa a wuya.

Abin da na gaya wa hedimasta a gaban malamai ba zan maimaita miki ba, kin yi mini tarbiyyar da ta fi shi. Amma ban janye ko ɗaya ba. Shi kuwa ran Litinin ya fito da Arzika gaban taron safe, ya sa makaranta duka ta tafa masa, wai ya fitar da mu kunya a idon baƙo. Yara suna tafi, yaron yana kallon ƙasa.

Na zo Birnin Kebbi in kai kuka, na sauka wurin Yaya Hauwa a Badariya. Na bi ofis ofis. Ko'ina a ba ni kujera, a saurare ni da ladabi, a ce an riga an rufe. Wani babba ya tambaye ni ɗan wane ne yaron. Da na gaya masa sai ya jingina da kujera, na ga maganar ta fita daga ransa tun ban rufe baki ba. Har yana yi mini nasiha, wai ni jikan malamai me ya haɗa ni da rigimar masunta, su da ba su san darajar boko ba.

Wannan maganar ce ta fi komai ƙona mini rai. Mu aka tura ƙauye ƙauye mu ce wa mutane makaranta ta kowa ce, su kawo 'ya'yansu. Sun kawo. Mun zaunar da su a baya, mun mai da su 'yan aike, ranar rabo mun tura su ruwa. Sannan mu zauna a ofishin malamai muna shan shayi muna cewa masunta ba sa son karatu. An yi wa mai dami ɗaya sata, kuma ana zarginsa da rashin tanadi. Wallahi Inna, ban taɓa jin kunyar a kira ni Malam ba sai bana.

Da na koma, dole na je na gaya wa mahaifinsa. Na same shi a inda na saba samunsa, raga a cinya. Na faɗi komai, ban rage ba. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ƙarasa ƙullin da yake yi, ya cije zaren, sannan ya ce, "Malam, ban yi hushi da kai ba. Amma in kamun kihi za ku koya mai, ku ba ni ɗana. Na hi ku iyawa."

Washegari ya cire ƙannen Arzika ma. Sauran masunta suka bi sahu. Yanzu in na juyo daga allo, bayan ajina babu kowa. Jiya na hango Arzika daga kan gaɓa yana tuƙa jirgin mahaifinsa. Ya ajiye filafili ya gaishe ni da hannu biyu kamar kullum.

Innata, da kina nan da na zo na kwantar da kaina a ƙafarki, ki bar ni in yi kukana ba tare da kin ce namiji ba ya kuka ba. Na yi kewarki ƙwarai.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sada mu a gidan da ba a zaunar da kowa a baya. Allah ya tsare Arzika a kan ruwa, ya buɗa masa ƙofar da ba ta hannun mutum ba. Waɗanda suka aike shi kuwa, da wanda ya ci kifin, na bar su da Allah, ban yafe ba.

Ni ne ɗanki mai yi miki addu'a kullum,
Nomau