Na Ce Wa Malam Babu Kowa A Ɗakin

Assalamu alaikum Edita, da kai da masu karanta wannan shafi. Don Allah ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Kada a buga sunana. Ni ɗan Haɗeja ne, ina aji uku a makarantar Midil.

A hutun bazarar da ta wuce, hukumar En'e ta nemi 'yan makaranta masu son taimako su bi masu lamba, wato masu yin rigakafi, zuwa ƙauyuka, saboda cutar agana ta ɓulla a gabas. Ba tilas, ba lada sai na Allah. Ni na fara ɗaga hannu, kuma ba tausayi ne ya ɗaga shi ba, so nake a gan ni cikin kaki ina ɗauke da akwatin Malam mai lamba. Amfaninmu ɗaya ne. Malam magidanci ne, iyakarsa zaure, ba ya shiga wajen matan aure. Mu da gemu bai tsiro mana ba mu ake turawa ciki, mu leƙa ɗaki ɗaki, mu fito da yara a tsaga musu lamba a dantse, in mun ga mai ciwo mu faɗa. Wanda aka samu da cutar kuwa bukkar bayan gari ake kai shi, a ƙone tabarmarsa da tufafinsa, shi ya sa mutane ke ɓoyewa.

A wani ƙauyen masunta cikin fadamar Auyo na shiga wani gida da hantsi. Matar gidan ta ce maigidan ya tafi kamun kifi wajen Baturiya, ba kowa sai ita. Har na juya, sai na ji tari a bayan tulin tarun kamun kifi da aka jibge a kusurwar ɗaki. Na ɗaga tarun. Yarinya ce, ba ta kai sakin haƙori ba, fuskarta duk ƙuraje, ido ɗaya ya rufe, ɗayan yana kallona. Ta ce, "Yaya, ruwa." Uwar ta zube ƙasa ta kama ƙafata, matar da ta isa ta haife ni. Ta ce, "Ɗan nan, don darajar iyayenka ka rufa mini asiri. Ita kaɗai ta tsaya mini cikin huɗu. In suka kai ta bukka ita kaɗai, wa zai ba ta ruwa? Me zan ce wa ubanta?" Na ce, "Inna, tashi, ba kyau." Ta ce ba za ta tashi ba sai na yi alkawari. Jama'a, wane ne a cikinku zai iya janye ƙafarsa? Na ba yarinyar ruwa a moɗa, na mayar da tarun, na fita. Malam ya ce, "Yaya ciki?" Na ce, "Babu kowa, Malam." Har daɗi na ji a hanya, wai ni na yi aikin alheri.

Ba mu daɗe da barin ƙauyen ba agana ta fashe a cikinsa. Yarinyar ta rasu. Yaran maƙwabta da ke shiga gidan, waɗanda suna bakin kogi ranar da muka je ba su sami lamba ba, su ma suka bi ta, har da wata mai jego da jaririnta. Uwar ba ta faɗa wa kowa yaushe ciwon 'yarta ya fara ba. Sai mutane suka yi lissafinsu: kafin zuwan mai lamba lafiya suke, bayan tafiyarsa aka fara haƙa kabari, ashe shi ya kawo cutar a akwatinsa. Yanzu duk ƙauyukan bakin kogi, da an ce ga mai lamba, sai a loda yara a kwalekwale a shige cikin kwari. A wani wurin jifar Malam aka yi har aka fasa masa goshi.

Kafin in koma makaranta na je gaishe shi. Ya zaunar da ni ya ce, "Kai ne idona a gidajen nan. Ka tuna da kyau, ba ka ga ko da mai zazzaɓi ba? In da mutum ɗaya zai shaida cewa cutar ta riga mu shiga garin, da sun dawo da 'ya'yansu." Na dubi tabon goshinsa na sake cewa ban ga kowa ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan ban sake zama daidai ba. Ana tsakiyar darasi sai in ga idon nan ɗaya yana kallona daga bayan allo. Kifi ba na iya ci, warin jiƙaƙƙen taru nake ji. In wani yaro ya ce a miƙo masa ruwa, sai in tashi in bar wurin. Abokaina na tsokanata wai aljanar kogi ce ta aure ni, ina taya su dariya. Su wa na kashe? Nawa ne a wuyana? Ko tausayi ma yakan zama zunubi?

Hutu ya kusa, Malam ya aiko yana nemana, don cutar ba ta lafa ba. In na faɗi gaskiya, korar makaranta ba ta dame ni ba. Amma matar nan za a kai ta gaban alƙali, mijinta zai ji, maƙwabtan da suka binne 'ya'yansu za su san daga ɗakin da mutuwar ta fito, kuma a garin za ta ci gaba da zama. In na yi shiru, iyaye za su ci gaba da gudu da yaransu daga abin da zai tsare su. Don Allah masu ilimi da masu 'ya'ya, ku faɗa mini. Me zan yi?