Ranar da Aka Miƙa Maka Jarida

Laraba, da hantsi. Ƙafafuna sun kumbura, yau ma a zaune na yi sallar asuba.

Zuwa ga aminina Alhaji Garba,

Gaisuwa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma sai an karanta maka, kuma ni ne mai karantawar.

Gida lafiya. Ɗanka Sani ya sayar da motocin lodin gyaɗa, ya koma siminti, ya buɗe sito a Tarauni. Soja sun sake buɗe siyasa, unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi kullum lasifika. Ni ba na fita.

Garba, akwai abin da ban gaya maka ba. Shekara talatin ina akawunka. Tare muka tashi, ni na yi makarantar Midil, kai ka bi fatauci, sai Allah ya ba ka. Da ka tsaya takarar kansila, ni nake rubuta maka jawabi da ajami, in saka a cikin fayil, jama'a su ɗauka boko kake karantawa. Daga ni sai kai muka sani.

Ka tuna taron filin Darmanawa, da wani ya ratso mutane ya miƙa maka jaridar Turanci, wai ka karanta musu? Ka riƙe ta, ka juya, ka dube ni. Ni kuwa na dubi ƙasa. Ni na gaya wa abokan hamayyarka ba ka iya karatun boko ba. Ba su ba ni komai ba. Tafin da ake yi maka a kan maganata ne ya tsaya mini a rai.

Ka faɗi zaɓe, ba ka ƙara hawa dandamali ba har ka koma ga Allah. Amma buhun shinkafata na salla bai taɓa yankewa ba. Ka sani ne ka yi shiru? Wa kuma za ka zarga in ba ni ba? Me ya sa ba ka zage ni ba?

Kai kaɗai ke iya yafe mini, ka kuwa tafi. Na aika wa Sani ya zo bayan azahar, in faɗa masa da bakina tun ina iya magana.

Allah ya haskaka kabarinka.

Akawunka,
Isyaku

An kira magariba. Sani bai zo ba. Ya aiko direbansa da buhun shinkafa.