Dare Ɗarin Baba

Litinin, 6 ga Mayu

Jan fil ya ƙare a ofis, sai da na aika aka sayo kwali biyu. Kowane fil mutum ɗaya ne da ƙyanda ta kama, ina soka shi a taswirar da ke bango. Yammacin ƙasa ya yi jajir, garuruwan Lautoka da Ba sittin da ɗaya. Nan Suva arba'in. Labasa duk girmanta uku kacal. Shugabarmu Dakta Reshmi ta tsaya a bayana da kofin shayi, ta ce, "Vasiti, kallo ba ya rage fil." Na sani. Ƙafata ce ta ƙi zama.

Tsibirinmu Tavuwai fes, ko ɗaya babu. Sau huɗu na duba yau, sai ka ce wani zai soka a bayan idona.

Laraba, 8 ga Mayu

Abin da ya hana ni sukuni: Nukusolo da Yadravu. Tsibirai ne da mutanensu ba su cika coci ɗaya ba, amma wannan fil tara, wancan goma sha huɗu. Maƙwabtansu shiru. Jirgi ɗaya ke bi ta kansu duka. To ta ina?

Alhamis, 9 ga Mayu

Na je tashar jiragen ruwa da rana na karɓo jerin fasinjojin wata biyu. Na baje a ƙasa, don tebur ya yi kaɗan. Ga abin nan a fili. Inda jirgi ya sauke fulawa da kananzir kawai, lafiya lau. Nukusolo an yi biki, mutum talatin suka sauka daga Suva. Yadravu an yi taron cika dare ɗari da rasuwar wani dattijo, mutum hamsin. Bayan kwana goma sha ɗaya, goma sha biyu, sai ƙuraje. Ciwon yana shiga jirgi a jikin wanda bai ma san yana da shi ba.

Sai na dubi baƙar rigar da ke jikina. Dare ɗarin Baba ranar 25 ne, ranar da za mu cire baƙi. Mutum arba'in da uku za su bi jirgin Juma'a 17, goma sha bakwai daga Lautoka, har da yara. Ni na rubuta sunayensu da hannuna.

Juma'a, 10 ga Mayu

Dakta Reshmi ta ce ta yarda da ni, amma tsibiri biyu ba su isa hujjar hana jirgi ba, sai an yi zama, zaman kuma sai ƙarshen wata. Allurar rigakafi duk an tura yamma. "Ba danginki ba ne? Ki gaya musu mana." Ita a wajenta magana ce ta minti biyu.

Na kira Akosita, nas ɗinmu ta Tavuwai. Da ƙyar ta hau tudun da ake samun waya, tana haki. Jarirai goma sha ɗaya ne shekarunsu ba su kai na allura ba. Ɗaya ɗan Yaya ne, wanda aka haifa mako guda bayan rasuwar Baba, aka mai da masa sunansa, Jovilisi.

Asabar, 11 ga Mayu

Yaya ne mai cewa a je ko kada a je. Yaya Sakiusa. Ko a nan da ƙyar na rubuta sunan. Tun da na shekara goma sha uku ban yi masa magana kai tsaye ba, bai yi mini ba. Haka ake tsakanin wa da ƙanwa idan sun girma: ya shigo ɗaki na fita, yana bakin hanya na kewaye ta bayan coci. Ban taɓa jin nauyin abin ba sai yau. Yana nan Nasinu gidan Kawu, ya zo sayen kaya da kwasar mutane. Tafiyar minti ashirin a bas, amma ji nake Tavuwai ma ta fi kusa.

Na wanke kwanonin da na wanke jiya.

Lahadi, 12 ga Mayu

Bayan coci na tare Peniasi, ɗan Kawu. Taubashina ne, shi ne bakina wajen Yaya tun muna yara. Ban gama magana ba ya fara.

"Kai, likitar fil! Cewa za ki yi ba ki saƙa tabarmar da za ki kai dare ɗari ba, kina neman hanyar gudu."

"Peni, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Mace mai digiri biyu, gwaza ma ƙonewa yake a hannunta."

Na ce da bakinsa kamar kwandon da ɓera ya ci. Ya yi dariya har da riƙe ƙofar tasinsa, ya ce saƙo zai isa. Na dawo gida da ɗan sauƙi.

Talata, 14 ga Mayu

Saƙo ya isa, amma ta bakin Peni. Matar Kawu ta ba ni labari: suna zaune da yamma ana shan yangona, jiƙon saiwar nan da ake zagayawa da shi a ƙoƙo, ya miƙe ya kwaikwayi tafiyata, ya ce Vasiti ta ga aljani a taswira. Aka yi ta dariya, aka miƙa ƙoƙo gaba. Ni ce wawiya. Shekara talatin ban faɗa wa Peni magana ɗaya da ba wasa ba, yaya za a yi ya gane wannan? Duk abin da ya bi ta bakin taubashi wasa yake fita.

Lautoka saba'in da takwas yau. Jariri ɗaya ya rasu a Yadravu, wata biyar. Shi baƙin fil ake sawa.

Laraba, 15 ga Mayu

Na kira Inna. Ta ce an yanka itace, an haƙa ramin gasa nama, aladu uku na ɗaure. "Ubanki ya kwana ɗari ba kowa a kansa, kamar wanda bai haifa ba?" Na ce Inna, jarirai. Ta ce, "Ki gaya wa yayanki." Ta san ba zan iya ba, shi ya sa ta faɗa.

Gobe. Ko kuwa a'a. Gobe.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na yi.

Na sayi saiwar yangona a kasuwa, mai kyau, irin wadda ake kai wa manya in za a roƙe su, na naɗe da jarida. Na cire taswirar daga bango da filolinta, Dakta Reshmi ta ga ni ta kau da kai. Da la'asar na isa gidan Kawu. Falo cike, tabarmi a naɗe har rufi, jarkokin kananzir a jere, duk gudummawar dare ɗari. Yaya na can ƙurya wajen manya. Na shiga da gwiwa, na ajiye saiwar, na zauna a bakin ƙofa. Peni ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, ya ga fuskata ya rufe.

Kawu ya ce, "'Yata, wa zai yi magana a madadinki?"

Na ce ni.

Na shimfiɗa taswirar, idona a kan tabarma. Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, na san ban kyauta ba." Muryata ta fito kamar ta wata. Na nuna Yadravu, na faɗi ranar da jirgi ya sauke mutane, na ƙirga kwanaki da yatsa. Na nuna baƙin fil. Na ce wata biyar gare shi, Jovilisi wata uku. Na ce, "Mun binne Jovilisi ɗaya a bana. Ku ne babba, abin da kuka ce shi za a yi."

Wata gwaggo ta ce boko ya cinye mini kunya. Wataƙila.

Yaya bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon taswirar, sannan ya tambayi Kawu, ba ni ba, ko wanda ya yi ƙyanda yana yaro zai iya ɗaukar ta. Na amsa wa tabarma cewa a'a. Ya jawo saiwar gabansa, ya tafa hannu sau uku. Ya karɓa ke nan.

Juma'a, 17 ga Mayu

Jirgi ya tashi da tabarmi sittin, kananzir, yadi, da Yaya shi kaɗai, shi da ya yi ƙyanda yana yaro. Mutanen Lautoka sun koma a bas, ba wanda ya yi mini sallama. Peni ya kai ni ofis bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Na fi son zagin.

Asabar, 25 ga Mayu

Dare ɗari. Mutanen gari kawai suka yi. Inna ba ta hau tudu ba, ban kuma sa ran za ta hau ba. Ina cikin baƙina, wa zai cire mini? Na share gida sau biyu, na je kasuwa ban sayi komai ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Gwiwar Akosita ta kumbura, ba ta iya hawa tudu ta ba ni rahoton ƙyanda na kowace safiya. Ƙarfe takwas waya ta yi ƙara, na ɗauka. Muryar namiji: "Tavuwai, babu." Ya kashe. Sai da na ajiye wayar na gane muryar Yaya ce.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ciwon ya fara raguwa a yammacin ƙasa, Lautoka huɗu kawai a makon nan. Allura za ta bi jirgin ranar 14. Dakta Reshmi ta sa an hana taro a tsibirai, ta rubuta sunana a takardar. Tavuwai fes. Ba zan taɓa sanin ko da ma ba abin da zai faru ba, Inna kuwa haka take gaya wa kowa.

Akosita ta warke tun Litinin, na ji a wajen matar Kawu. Amma Yaya ne ke hawa tudun har yanzu. Yau bayan "babu" bai kashe ba. Ina jin iska, ina jin numfashinsa. Ya ce, "Yaron ya fara juyawa da kansa." Na ce madalla. Ya ce, "A ci abinci."

Na ci. Gobe zan zo ofis da wuri, aiki ya yi yawa, kuma wayar takan yi ƙara tun kafin takwas.