Yaryaɗin Malam

Laraba da dare, Gwarzo

Gobe Malam ke cika kwana arba'in da rasuwa, ni kuma takaba ko rabi ban yi ba. Tun safe dangi suka cika gidan suna shara saboda baƙi.

Da na fito alwalar la'asar sai na ga dangar bayan ɗaki fayau. Babu yaryaɗin nan da ya ciro daga gonarsu ta Durun, ya kafa masa kara, ya ɗaura masa zare, abokansa malaman makaranta suna dariya wai yana kiwon ciyawa. Tun da ya kwanta ciwo ni nake zuba wa shukar ruwa. Shekaranjiya ta buɗe fure bakwai, shuɗi-shuɗi.

Goggo Ladi, ƙanwar babansa, ta ce, "Na tuge miki ciyawar nan, 'yata, kada maciji ya samu maɓoya. Awaki sun ji daɗinta."

Na ce, "Sannu da aiki, Goggo."

Ban yi kuka ba, ban ma ji haushi ba. Sauran ruwan butar dai na juye a gurbin kamar kullum, na tsaya har ƙasa ta shanye.