Maganin Mma da Ka Sa Aka Ɓoye

Yaya Awudu,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Jamus? Mu nan unguwar Nima sai godiya.

Don ka ga fuskar mahaifiyarmu Mma ta kumbura a waya, ka sa Anti Ladi da ke taya ni jinya ta ɓoye ƙwayoyin maganinta na sitiroyid, wai su ke kumbura ta. Likita ya ce ba sa warkar da kansar da ta hau ƙwaƙwalwarta, amma su ke sauƙaƙa mata ciwon kai. Kwana biyu da ɓoyewa ta fara amai, ta tambaye ni, "Ke 'yar waye?"

Na ƙwato su, likita ya maida ita kansu. Jiya ta sha koko, ta kira sunana.

Shekara shida ba ka zo ba. Kar ka sake ba mu umarni daga nesa. In ka damu, zo ka riƙe mata kwanon amai.

Ka yi mata addu'a. Gai da matarka.

Ƙanwarka,
Zuwera